Na Kai Ƙanena Ya Ga Gidajen Ƙasa a Ushaiƙir

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya sa an rushe zauren kakanmu bai gaya mini ba. Tare muke zaune a nan Riyad, ɗaki ɗaya a unguwar Ulaisha, kwano ɗaya muke sa hannu, ni na yi faɗi-tashin bizar da ta kawo shi, amma sai a wayar wani ɗan unguwarmu na ga hoto. Inda zauren yake an dasa shagon bulo, an shafa masa shuɗin fenti, ana cajin waya a ciki. Zauren nan Kaka ya gina shi da ya dawo daga aikin hajjin da ya je a ƙafa, ya manna tafin hannunsa a yaɓen saman ƙofa tun yana ɗanye. Da na tambayi ƙanen nawa sai ya ce, "Yaya, ƙasa ce fa." Wai kuma bayan Sallah zai aika a sauke soron Kaka, wanda shi kaɗai ya rage, a yi shago na biyu.

Ku da kuke bibiyata kun san ban yi boko mai nisa ba, kuma ban iya kwana-kwana ba. Lebura ne ni a Dir'iyya, inda ake tayar da tsofaffin katangun ƙasa. Wato ina nan ina kwaɓa wa kakannin wasu laka, nawa kakan ana kai masa diga. Na ce ya zo wurin aikina ya gani, ya ce ai wannan gidan sarauta ne, kuɗin hukuma ke riƙe da shi. Shi ne wani abokin aiki ya ba ni labarin Ushaiƙir, ƙauyen da mutanen gari da kansu suke gyara gidajen kakanninsu. Na ce to, can za mu.

Mun tashi da asuba ranar Juma'a, mu uku: ni, da ƙanen nawa da ke tuƙi, don kafil ɗinsa, wato maigidan da ya ɗauke shi aiki, ya ara masa tsohuwar motar gida, sai wani maƙwabcinmu ɗalibin jami'a da muke ce wa Ustaz, wanda na ɗauko saboda Larabci. Nawa Larabcin bai wuce yalla, shwayya da khalas ba, na wurin aiki. Muka tsaya muka sayi tamis mai zafi, wato gurasarsu, da dafaffen waken da suke ce wa ful, muka cika tanki. Man fetur ɗin nan har yau in na ga kuɗinsa sai na yi tsaki, don ruwan roba da muka saya ya fi shi tsada.

Muka kama hanyar Makka. Inda aka tsaga dutsen Tuwaiƙ hanya ta gangara, wallahi sai da kunnena ya toshe, ƙasa ta buɗe a gabanmu kamar an shimfiɗa tabarma. Daga nan muka karya dama muka nufi Shaƙra. Jan yashi hagu da dama, raƙuma baƙaƙe suna kallonmu kamar mu ne abin kallo. Titi sumul, ba rami ko ɗaya, sai kyamarar hanya da ta sa ƙanena yake tuƙi kamar ya ɗauko ƙwai.

Ustaz kuwa tunda ya ga dutse bakinsa bai huta ba. Ya kawo Adawa, ya kawo Samudawa da suka fafe duwatsu suka yi gidaje can arewacin ƙasar nan, ya haura Misra wurin Fir'aunoni, ya gangaro Babila, ya ce su ma da tubalin laka suka yi birninsu. Wannan na Babila ya yi mini daɗi, na ce ya maimaita da ƙarfi direba ya ji. Ƙanena ya yi dariya ya ce, "Yaya, ka ji dai, masu gini da dutse ma sun tafi." Na ce, "Sun tafi, amma ƙofofinsu na nan, kuma ba wanda yake cajin waya a ciki." Ustaz ya ƙware da shayi.

Da hantsi muka isa. Jama'a, in da za a rufe maka ido a ajiye ka a lungunan Ushaiƙir, za ka rantse cikin tsohon gari kake a gida. Katanga ja-ja, lungu ƙunci, wani wurin an rufe samansa da itace da ganyen dabino, ka shiga ka ji sanyi kamar randa. Ƙofofin katako masu zane, indararo na zubar da ruwan sama, har ƙanshin ƙasar iri ɗaya. Bambancin kawai dabino ya yi yawa, kuma ba akuya ko ɗaya da ta tare mana hanya. Bayan gari ga rijiyoyi da gonaki. Ustaz ya ce ayarin mahajjata da ke fitowa daga gabas nan suke yada zango a zamanin da, su sha ruwa su huta. Kaka ta yamma ya bi, ta Sudan, bai taka nan ba. Amma ya sha gaya mana cewa a zaurukan mutanen da bai sani ba ya yi ta kwana har ya kai bakin teku, shi ya sa da ya dawo bai gina komai ba sai da ya fara gina zaure, ya ce duk matafiyin da dare ya riska ya shiga.

Wanda na kawo don ya ji kunya fa? Hoto yake ta ɗauka. Ya jingina da wannan ƙofa, ya tsuguna a bakin waccan rijiya, har da ce mini in matsa ina tare masa haske.

Bayan an sauko daga Juma'a wani dattijo ya yafito mu cikin gidansa. Ya zuba mana gahawa, ya turo dabino, ya shiga nuna mana kayan kakansa: dutsen niƙa, salkar ruwa, makullin katako, allon karatu kusan irin namu. A jikin bangon ɗakin baƙinsa na ga sawun yatsu cikin yaɓe. Na ɗora hannuna a kai, na kalli ƙanena. Shi kuma ya ce Ustaz ya tambayi dattijon ko nan yake kwana. Dattijo ya yi dariya ya ce a'a, a Riyad yake, gidan siminti mai na'urar sanyi, Juma'a kawai yake zuwa. Ƙanena ya juyo yana washe baki. "To, Yaya, ka ji."

Na ji kam, kuma ta shige ni. Amma tsohon bai gama ba. Ya ce da suka koma birni sun bar gidan, rufin ɗaki biyu ya zube, gara ta ci itace. Ranar da jikansa ya tambaye shi inda aka haife shi, ya kawo shi ya nuna masa tarin ƙasa, ranar ya kasa cin abinci. Tun daga nan duk bayan ruwan sama shi da 'ya'yansa suke zuwa su duba rufi su yi yaɓe. Ya nuna sawun yatsun ya ce na ƙasa na kakansa ne, na sama nasa ne.

Muka ci jarish a wani gidan abinci cikin ƙauyen, kamar faten alkama ne da aka dafa da nono, da margug, ƙullin alkama da aka dafa cikin miya mai kabewa. Ba yaji, amma na yafe musu. Muna ci ƙanena ya ce, a hankali, "Yaya, shi yana da 'ya'ya masu zuwa. Namu soron wa zai yaɓe? Damina biyu yana yoyo, Inna ce ke tara roba." Gaskiya ya faɗa, kuma ba a gaban Ustaz zan ba shi amsa ba.

Dawowa rana tana bayanmu, yashi ya koma kamar garin barkono. Ustaz ya yi barci tun kafin Shaƙra, muka huta da Fir'auna. Muka shigo Riyad da magariba cikin cunkoson masu dawowa daga sahara, muka yi salla a masallacin layinmu. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne tsohon gida ba don ƙarfinsa yake tsayawa ba, wani ne yake dawowa ya sa masa hannu. Babila ba ta samu mai dawowa ba, Ushaiƙir ta samu.

Da muka shiga ɗaki, ƙanena ya zauna yana tura hotunan ƙofofin mutane a waya, na karɓe wayar na kife ta a kan katifa. Na ce, "Kalle ni nan. Zaure ka rushe, hannun Kaka ya bi motar kwasar ƙasa, kuma ban yafe ba tukuna, kada ka ga mun ci jarish tare ka ɗauka ya wuce. Ka tambaya wa zai yaɓe soro. Ni ne. Gobe zan nemi hutu wurin mudir, shugabanmu na wurin aiki, kafin ruwan fari ina gida, laka ai ita nake kwaɓawa kullum. Inna ta daina tara roba. In kuma ka aika masu diga bayan Sallah, ka gaya musu su yi sallama, don a ciki za su same ni zaune."