Hoton Baba Ba Hula

Shekara da shekaru Baba yana gabatar da shirin manoma a rediyo. Mutanen Bauchi sun san muryarsa, kaɗan ne suka san fuskarsa. Bayan an yi sadakar arba'in ɗinsa, maƙwabciyata a unguwar Gwallameji ta miƙo mini wayarta, ta ce an sa tarihinsa a kundin ilimin nan na intanet da masu sa kai suke rubutawa.

Ban karanta ko layi ɗaya ba. Hoton da ke sama ne ya tsayar da ni. A wajen taron karrama shi aka ɗauka, bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Yana kan keken marasa lafiya, baki ya karkace, yawu a gefen gemu. Ni ce na tura keken ranar. Hannuna ma ya fito a gefe.

Na yi cigiya har na sami wanda ya sa hoton, wani ma'aikacin ɗakin karatu ne, mai ladabi. Na je masa da hoton da ke rataye a falonmu, Baba cikin babbar riga, wanda aka ɗauka a wani shagon hoto kusa da kasuwar Wunti.

"Allah ya jiƙan Baba," in ji shi. "Hajiya, wa ya ɗauki wannan?"

"Mai hoto mana."

"Yana raye?"

"Ya riga Baba rasuwa. Shagon ma yanzu cajar waya ake sayarwa."

Ya juya hoton, ya nuna mini hatimin shagon. Ya ce takardar tamu ce, amma haƙƙin hoton na wanda ya ɗauka ne, ko magadansa. Idan babu izininsu a rubuce, ko ya sa, wasu za su cire.

"To wancan fa?"

"Ni na ɗauka da hannuna, na bayar kyauta. Shi kaɗai muke da izininsa. Kuma fuskar ta fito sosai."

"Ta fito kam," na ce. "Malam, ka tambaye shi kafin ka ɗauka?"

Ya ajiye hoton a kan tebur. Na ci gaba.

"Ko ka tambaya ba zai iya ce maka a'a ba. Shekara biyu bai haɗa kalma uku ba."

Ban ɗaga murya ba, don ba haka aka rene mu ba. Wanda ya tsaya na minti ɗaya a gaban keken yana da haƙƙi. Mu da muka yi shekara biyu muna goge masa baki ba mu da shi.

Da zan tafi ya ce idan akwai wanda na ɗauka da kaina, in kawo.

Na fara neman magadan mai hoton. Aka ce sun bar gari, babu mai lambarsu.

Akwai hoto ɗaya a tsohuwar wayata. Wata damina na raka Baba ƙauyen Zungur ɗaukar shiri. Yana tsugune a kunyar gyaɗa, ya kara rikoda a bakin wani manomi, yana dariya. Zafi ya sa ya cusa hularsa a aljihu, sanƙonsa a fili. Baba kuwa ko ƙofar gida ba ya leƙawa ba hula. Da na nuna masa sai ya ce, "Ke, goge wannan. So kike a ce an ga ubanki kai tsirara?" Na ce to. Ban goge ba.

Kwana uku ina duba hotunan biyu. Ran na huɗu na hau keke napep na koma ɗakin karatun. Malamin ya gaya mini cewa idan na bayar, duk mai so zai iya ɗauka ya yi amfani da shi, kuma ba a janyewa. Na ce na ji, a sa.

An cire na keken, an sa nawa. Maƙwabciyata ta ce, "Ashe haka Baba yake da fara'a!" Kowa yabawa yake yi.

Ni ban sake buɗe shafin ba. Abu ɗaya ya roƙe ni a kan hoton nan, na kuma ce masa to.