Huda ta Uku a Rumbun Kawu

A shekarata ta uku a jami'a aka tura mu sitaj, wato koyon aiki, na wata uku a labon da ake gwada kayan gini. Malaminmu ya ba mu aiki, ni da wani ɗan ajinmu, mu gano abin da ya sa rumbunan yankin Adar suke shekara da shekaru ba su faɗi ba. Abokin aikin nawa ɗan birni ne, bai taɓa ganin rumbu ba sai a hoto, amma in ya fara bayanin yumɓu sai ka rantse shi ya halicce shi. Ni kuwa da rawar kai na ce ina da kawu a wani ƙauye kusa da Karofane, rumbunsa ya girme ni.

Kawu ya yarda mu ɗebi samfur daga bangon, don ni ɗiyar ƙanwarsa ce. Sharaɗi ɗaya ya kafa kafin ya wuce sharar gona.

"Ku ɗebi na wuya, ɗiyata. Kak ku taɓa gindi."

Mu kuwa gindin muke so, don nan nauyin yake sauka. Yana ba da baya muka huda wuri uku a ƙasa, kowanne kamar bakin kofi, muka toshe da siminti. Har muna yaba kanmu, wai mun bar masa rumbun ya fi da ƙarfi. Biyu suna gefen da ake wucewa. Ta ukun tana gabas, ta fi sauran girma don hannuna ya goce, sai na shafe ta da laka yadda ba za a gane ba. Kunya ce ta sa, ba wani abu ba.

Bayan mako biyar, a labo, malam ya sa mu gwada facin siminti a jikin tubalin ƙasa. A jiƙa, a busar, a sake jiƙawa. A zagaye na huɗu na ga tsaga siririya kamar gashi ta kewaye simintin. Na ɗiga ruwa, tsagar ta shanye shi nan take. Malam ya ce ƙasa tana kumbura tana motsewa, siminti ba ya bin ta, don haka sai su rabu, ruwa ya samu hanya.

Sai na tuna da rumbun kawu. Abokina yana ta rubutu yana murna an samu sakamako, na ji kamar in kwaɗa masa tubalin. A makon nan ne innata ta ce mini a waya an yi ruwan shuka a Bouza, can yankin su kawu, kuma na san daga gabas ruwanmu yake bugowa. Geron da ke cikin rumbun nan shi ne abincin gidan kawu har kaka, mutum goma sha wani abu. Na kira lambarsa, babu rezo, wayar ba ta shiga ba. Gaskiya ma da ta shiga ban san me zan ce ba. Kwana biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa. A na uku na nemi izini na shiga mota.

Tun daga Madaoua hadari yake gabanmu, baƙi ƙirin. Duk rumbun da muka wuce sai na kalli gindinsa. Na yi addu'ar da ban taɓa yi wa jarrabawa ba.

Na tarar da kawu a ƙofar gida yana gyaran hauya. Bayan gaisuwa ya yi dariya.

"Kin zo duba aikinku? Tun randa kunka tahi na ɓamɓare simintinku duka biyu, na maida ƙasa da ramnon ciyawa. Ƙwanƙwasawa ɗai na yi, na ji muryar ba ta rumbun ba ce."

Duka biyu. Bai ga ta ukun ba ke nan. Da na yi shiru, da ƙila ba wanda zai sani sai ranar da aka kai ƙasan rumbun. Na ja shi zuwa gabas, na sa farce na kankare lakar da na shafa. Simintin ya motsa a hannuna kamar haƙorin da ya kusa fita, bangon kewaye da shi kuwa ya yi laushi.

Kawu ya sa tsani, ya ɗaga hular rumbun ya shiga, ya fara miƙo mini damman gero ina jerawa a tabarma. Damman sama lafiya lau suke. Da muka kusa ƙasa sai warin ya riga damin isowa. Zangarkun sun yi baƙi, wasu har sun tsiro. Matansa suka fito suka tsaya, ana jin tsawa daga nesa.

Ya fito jikinsa duk ƙaiƙayi, ya dubi tulin da ya ruɓe, abincin wata guda ko fiye, sannan ya dube ni. Na so ya zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi.

"Waɗanda kunka bari a hili ba su yi muna komi ba," ya ce a hankali. "Wagga da kinka ɓoye ita ta ci mu. Ɗauko kwando, mu tsince abin da za shi tsintuwa kahin ruwa shi sauko."

Na ɗauko kwandon, na durƙusa kusa da matansa.