Bindigar da Na Zaɓa a Yangoji

Shagona na yadi yana Wuse, a layin da tasi masu kore da fari suke juyawa. A jikinsa akwai shagon tabarau na wani mutumin Filato, Kirista, wanda ya ɗan girme ni. Duk layin Dokta ake ce masa, ko da yake gwajin ido da yankan gilashi ne iyakar aikinsa. Shi kuma Alhaji yake ce mini tun ban je Makka ba. Mun yi shekaru muna zaman maƙwabtaka: in na tafi masallaci ya sa mini ido a shago, in ya tafi bikin 'yan garinsu in karɓar masa saƙo. Abin bai wuce haka ba, sai ranar da na shiga ya ɗaure mini ƙafar tabarau, na ga wani jan kwanson harsashi a kan teburinsa, yana ajiye ƙananan kusoshi a ciki.

Na ɗauka, na juye kusoshin a tafin hannuna, na sunsuna. Da sauran warin albarushi. Nan take na tuna ɗakin mahaifina a Zariya. Malamin gona ne, yana da bindiga mai baki biyu da lasisinta, bayan kaka yakan fita da abokansa su dawo da zabi da fakara. Bai taɓa yarda ɗayanmu ya taɓa ta ba. Da ya rasu aka mayar da ita hannun 'yan sanda, ina makaranta a lokacin, ko fitarta ban gani ba.

Dokta ya ce, "Alhaji, lafiya kake shaƙa mini kwanso?"

Na ba shi labari. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ranar Asabar ka bar wa ƙaninka shago. Zan kai ka wani wuri."

Wurin gona ce a Yangoji, gaba da Kwali, ta wani tsohon soja da kowa ke kira Kanar. Gaban gonar doya ce da itatuwan kashu, bayanta kuma wani fili ne da ya ƙare a jikin tudu, ta yadda duk abin da aka harba tudun ne zai tare shi. 'Yan ƙungiyar ba su da yawa, kowa da lasisinsa, kuma Kanar ba ya wasa da doka: bindiga a karye take, wato a buɗe ta wurin sa harsashi, bakinta ƙasa, sai ka tsaya a inda aka shata. Akwai na'ura mai ƙarfen tsalle da ake ɗora wa wani faifan yumɓu kamar murfin ƙaramin kwano, mai fenti ruwan lemo. In ka shirya sai ka ce "Saki!" Faifan ya tashi sama kamar an firgita kurciya, kai kuma ka bi shi da bakin bindiga ka fasa shi kafin ya sauka. Ba jini, ba fiɗa, ba abin kai wa gida sai ciwon kafaɗa.

Bindigogin duk masu baki biyu ne, amma iri biyu. Akwai wadda bakunanta suke kwance kafaɗa da kafaɗa, irin ta mahaifina. Akwai wadda baki ɗaya yake bisa ɗaya. Matar Kanar, wadda takan aiko mana da abinci, ita ta raɗa musu suna: ta farko tagwaye, ta biyu mai goyo. Sunan ya bi su har Kanar da kansa haka yake faɗa.

Na yi watanni ina aron ta wannan da ta wancan a gaban Kanar, har lasisina ya fito. A lokacin ana bayarwa, in kana da haƙurin zirga-zirga. Sai maganar wadda zan saya ta taso, kuma aka yi dace biyu ne a gabana. Akwai wata mai goyo, kusan sabuwa, a hannun dillali mai izini. Akwai kuma tsohuwar tagwaye ta wani injiniya ɗan ƙungiya da zai koma garinsu, katakonta ya yi duhu saboda hannu, inda kumatu ke kwanciya har ya yi santsi.

Dokta mutumin mai goyo ne, kuma ba ya ɓoyewa. A motarsa muke zuwa, shi ke tuƙi, saboda haka daga Gwagwalada har Kwali ba ni da wurin gudu. Hausarsa irin ta Abuja ce, ba ruwansa da wace ce mace wane ne namiji.

"Alhaji, bindigan nan tagwaye ba naka ba ne. Shi na mai yawon daji ne, wanda zai yini yana tafiya ya yi harbi kaɗan. Shi ya sa ba ya da nauyi. Mu a tsaye muke wuri ɗaya, muna ta harbi. Ka duba mai goyo: ka kwantar da kumatu, layi ɗaya siriri kake gani har ƙarshe. Tagwaye fa? Faɗi kamar titin jirgi. Faifai ya tashi, bakin ya rufe maka shi, kana harbin abin da ba ka gani."

Na ce, "Babana bai taɓa kukan rashin gani ba."

"Babanka zabo yake harbi, Allah ya jiƙansa. Zabo yana da girma. Ka bari in gama. Mai goyo yana da nauyi, in ka juya shi yana tafiya sumul, kuma nauyin yana shanye shuri. Kunama ɗaya, ka ja, ka sake ja. Katakon gaba ya rufe ƙarfe, hannunka ba zai ƙone ba. Me kuma kake so, ya dafa maka shayi?"

Duk abin da ya faɗa na gwada na ga haka ne. Amma in na sa tagwayen nan a kafaɗa, sai in ji kamar na sa tsohuwar rigata. Na kai wa maiɗakina maganar, na jera mata amfanin wannan da na waccan tana tsince shinkafa. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Alhaji, ka riga ka zaɓa. Mai tayawa kake nema." Na tambayi Kanar, ya ce shi a aikinsa ba a taɓa tambayarsa wace yake so ba, abin da aka miƙa masa yake karɓa, don haka in je in more 'yancina.

Na sayi tagwaye. A hanyar dawowa daga Yangoji, sai da muka kai Giri Dokta ya ce, "Allah ya sa alheri," kamar mai gaisuwar mutuwa.

Ba zan ƙara wa kaina gishiri ba, ban taɓa zama gwani ba. Kunama biyu gare ta, ta gaba da ta baya, sau da yawa sai in harba ta farko in tsaya ina jan ta kuma, faifai na biyu ya sauka lafiya lau a cikin ciyawa. In rana ta ɗaga ƙarfen ya yi zafi, yatsuna suka sha ƙuna, har na sayi safar hannu irin ta 'yan acaɓa. Kafaɗata kuwa duk daren Lahadi sai an shafa mata man zafi. Wata rana na ce ko idona ne yake sa ni kuskure. Ranar Litinin Dokta ya zaunar da ni a kujerarsa, ya sa mini wancan gilashi ya cire wannan, ya sa na karanta har layin ƙasa. Ya ce, "Idonka lafiya yake. Taurin kai ne, kuma ba ni da gilashinsa."

Amma akwai ranakun da komai yake daidaituwa. Faifai biyu su tashi tare, in ji hannuna ya tafi da kansa, dum, dum, ƙura biyu ruwan lemo su tsaya a iska. A irin wannan rana sai in karya bindigar, kwanso ya faɗo da hayaƙinsa, in juya in dubi Dokta. Shi kuma sai ya dubi sama wai yana neman hadari.

Yanzu in na tuna Asabar ɗin nan, ba harbin ne yake fara zo mini ba. Inuwar kashu ce, da gasasshiyar doya da manja da yaji, da yadda ake ajiye bindigogi duka in lokacin azahar ya yi, in shimfiɗa darduma ni da wani ɗan Katsina, Dokta yana zaune yana kore mana karnukan Kanar daga abinci. Da azumi ba wanda ya taɓa buɗe kwano a gabanmu, ba kuma don mun roƙa ba. A hanyar dawowa mukan tsaya bakin titi mu sayi doya wurin matan Gwari, Dokta ya yi ta ciniki har sai sun yi masa dariya sun ƙara masa ɗaya.

Wata safiya ina jera atamfa na ji ƙarar gilashi a shagonsa. Na leƙa, na same shi tsaye yana kallon hannunsa na hagu, tabaran wata mata a ƙasa, bakinsa ya ɗan karkace. Ni na kai shi asibiti. Allah ya taƙaita, magana ta dawo, ƙafa ta dawo, amma hannun hagu bai dawo duka ba. Yana iya riƙe kofi, ba ya iya daɗewa da shi a sama. 'Yarsa ta karɓi aikin shago, shi kuma ya zauna a gida a unguwar Dutse Alhaji. In na je gaishe shi, da na ambaci Yangoji sai ya sako wata magana. Ni ma sai na daina zuwa sosai, don tafiyar ba ta da daɗi ni kaɗai.

Matarsa ce ta kira ni. Ta ce, "Alhaji, don Allah ka zo ka ɗauki mutuminka ranar Asabar. Ya zauna mini a falo kamar kujera, ko faɗa ya daina yi da ni."

Na je. Ya ce rakiya kawai zai yi mini. Amma da zai fito na ga ya ɗauko jakar bindigarsa, na buɗe masa but ɗin mota. Wannan karon ni na yi tuƙi.

A gona kowa ya taso ya tarye shi. Aka yi ta harbi yana zaune yana gyara wa mutane tsayuwa daga nesa. Can sai ya miƙe ya ce a ba shi wuri. Ya ɗaga mai goyo, ba ta kai kafaɗa sosai ba bakinta ya fara sunkuyawa. Ya sake ɗagawa, bakin ya sake sunkuyawa. Kanar ya matso a hankali, ya sa hannu ya karɓe ta, ya karya, ya cire harsashi. Dokta ya koma ya zauna. Ba wanda ya san inda zai sa idonsa.

Na ɗauki tawa na je na tsaya a gabansa. Na ce, "Dokta, gwada wannan."

"Wannan na taurin kan?"

"Ita. Ba ta da nauyi, kai ka faɗa."

 Ya karɓa, ya auna ta a hannu, ya tashi. Kanar ya kawo harsashi marar ƙarfi sosai don kada shurin ya yi masa yawa, ya tsaya dab da bayansa. Bindigar ta hau kafaɗar Dokta ta zauna. Ya ce, "Saki!" Ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. Ya manta da kunama ta baya kamar yadda nake mantawa, na ji 'yan baya suna danne dariya, shi ma ya yi tsaki yana murmushi. Sai wani faifai ya tashi miƙe yana nisa, ya bi shi, ya harba, gefensa ya ɓalle, sauran ya tafi yana tangaɗi ya faɗi. Ba wata fashewa mai kyau ba ce, amma Kanar ya kurma ihu irin na fareti, har matarsa ta fito daga kicin da ludayi. Dokta ya karya bindigar ya miƙa mini, ya zauna, ya cire tabarau ya yi ta gogewa da bakin riga, ya daɗe bai mayar ba.

Da ya dawo daidai ya nuna mai goyonsa da haɓa. "Ɗauki nawa. Kada ya zo har nan a banza."

Na ɗauka. Abin kunya, abin dariya: na dinga fasa faifai ɗaya bayan ɗaya kamar ba ni ba. Layin nan siriri da ya yi ta faɗa yana nan, kafaɗata ba ta ji komai ba. Na juyo, ya buɗe hannunsa mai lafiya ya ce wa jama'a, "Ku shaida. Tun yaushe nake gaya masa?"

Na ce, "Ka yi gaskiya, Dokta. Amma da na ji maganarka, yau da me za ka yi harbi?"

Ya yi tsaki, ya miƙo hannu in sake ba shi tagwayen. 

Haka muka ci gaba. A takarda kowa da tasa, a jaka kowa da tasa, amma in mun isa gona sai mu yi musaya a gaban Kanar, in za mu tafi kowa ya goge ta ɗan'uwansa ya mayar masa. Hannun Dokta ya ɗan ƙara ƙarfi, ko da yake bai koma ɗaukar mai goyo ba. Bai kuma taɓa yarda cewa tagwaye ta fi ba, cewa yake magani ce, kuma ba a son magani don daɗi.

Abin bai ƙare rana ɗaya ba. Hanya ta fara ba da tsoro, iyalai suka fara ƙorafi, sabunta lasisi ya yi wuya. Kanar ya tsufa, 'ya'yansa suka ɗauke shi zuwa cikin gari, suka ba da gonar haya. Ni da Dokta muka je tare muka miƙa bindigoginmu ajiya wurin hukuma. Ba a daɗe ba Dokta ya tattara ya koma garinsu shi da matarsa.

Bara da damina na kai masa ziyara. Garin sanyi, ga duwatsu, ya sa rigar sanyi biyu yana zagaya 'yar gonarsa ta dankalin Turawa da sanda. Matarsa ta yi mana gwaten acca, muka ci a baranda ana yayyafi, muka yi ta lissafa 'yan ƙungiya, wane ya rasu, wane ya koma wurin 'ya'yansa. Da zan tafi ya dage sai ya sa mini dankali da kabeji a mota da kansa, da hannu ɗaya, na kai hannu zan taya ya buge shi. Na tsaya sallar la'asar a Akwanga na kira in ce masa hanya lafiya. Matarsa ce ta ɗauka, ta ce ina tafiya ya zauna a kujera wai zai cire takalmi, barci ya kwashe shi, ga shi nan har yanzu yana minshari, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Na ce ta bar shi, kada ta tashe shi.