Tsohuwa Ya Kama Hanya

A gidanmu na Dogo Nini, da an ci tuwo sai mu zagaye murhun Kaka, mahaifiyar Baba, tun garwashin bai mutu ba. Ita 'yar Karai-Karai ce, da girmanta ta koyi Hausa, kuma har ta bar duniya ba ta raba mace da namiji a magana. Sai ta ce "akuya ya shigo," mu yi ta ƙyalƙyala dariya, ta kawo mana duka da mafici, dukan da bai taɓa samun kowa ba.

Ina shekara tara ake shirya mu karɓar Jibin Ubangiji karo na farko, a bikin Ista. Mu Katolika ba mu da yawa a unguwar. Mai koya mana addini shi ne katikis, Malam Yakubu, mutum siriri mai sanyin murya, da ke tara mu duk Asabar a gindin darbejiya. Kaka ta riga ta sayi farin yadi ta ajiye a ƙasan akwatinta. Takan ce mini, "In gan ki a gaban bagadi da idona, sai in tafi."

Sai magana ta fara yawo cewa Malam zai koma Damagum wurin yayansa, don abinci ya yi masa wuya. Iyaye sun yi alkawarin kowane gida zai kai masa damin gero in an yi girbi. An yi girbi, an gama, shiru.

A wannan makon ne Kaka ta ba mu wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba, ta kuma ɗaga murya fiye da kullum. Baba na zaune gefe a tabarma da rediyonsa.

Wai a wani gari, tun ba a san ashana ba, akwai tsohuwar da wutarta ba ta mutuwa. Kowace safiya yara na zuwa da kasko ɗibar wuta, iyayensu na sa mata albarka. Amma ko kara ɗaya ba mai aiko mata, kowa na zaton maƙwabcinsa ya kai. Itacenta ya ƙare, ta ƙona kujerarta. Ta ƙona turminta. Ta ɓalle ƙyauren ɗakinta ta sa a wuta, don kada yaro ya koma da kasko babu komai.

"Rannan tsohuwa ya duba," in ji Kaka, "saura sandansa kaɗai. Sai ya ɗauka, ya kama hanya."

Ni da iyayi na ce, "Kaka, ai tsohuwa 'ta' ake cewa."

Ba ta ɗauki mafici ba. Ta ce, "Yau na san abin da na faɗa, 'yar nan. Ubanki ma ya sani."

Baba ya kashe rediyo. Kaka ba ta ƙarasa tatsuniyar ba, ta tura mu kwanciya.

Da sassafe Baba ya ɗaura dami biyu a keke ya fita. Kafin hantsi ya dawo da su. Ashe tun jiya Malam ya kwashe iyalinsa. Littattafanmu ya bar wa maƙwabcinsa, wani Alhaji mai shago, ya ce a ba yaran, su yi ta karantawa. Damin nan biyu suka zauna a bayan rumbu har gara ta cinye su, don ba wanda ya iya cewa a sussuka.

Sai bayan shekara biyu aka turo wani katikis. Kaka ta rasu da damina, kafin ya zo. Ranar da na tsaya gaban bagadi, yadin ya yi mini kaɗan, sai da tela ya ƙara wani a gindin rigar. Na yi kuka har Fada, limamin cocinmu, ya zaci murna ce.

Na daɗe ina jin haushin Baba, Allah ya gafarta mini. Sai da na girma na gane ba marowaci ba ne. Yana son Malam, yana rusunawa in zai gaishe shi, ya dai ɗauka wasu sun kai. Abin da ke ba ni tsoro a tatsuniyar Kaka ke nan, babu mugu ko ɗaya a cikinta. Yanzu 'ya'yana ne a hannun katikis. In kaka ta yi, ba na tambayar kowa ko an kai masa hatsi. Da ƙafata nake zuwa, in zauna da matarsa, in ga abin da ke kan murhu.