Saƙon Malam zuwa ga Ƙuɗubi

Gumel zuwa Kano

Ni Ladi nake faɗa, maƙwabciyata Hauwa tana rubutawa. Na bar Gumel bayan sallar asuba, ban daɗe da fita takaba ba. Motar haya ta kai ni Kano, aka ɗora ni a jirgin Masar.

Saƙo nake ɗauke da shi. Autanmu Sani yana karatu a Alƙahira, kullum a waya yana cewa aikinsa a kan ƙuɗubi ne. A wurinmu 'yan ɗariƙa, ƙuɗubi babban waliyyi ne. Ranar da mai gidana Malam zai cika, ya riƙe hannuna ya ce, "Ki je da ƙafarki, yaron ya kai ki wurin ƙuɗubin nan ya roƙa mini gafara."

Alƙahira

Sani ya tarbe ni, muka shiga tasi. Sojoji suka tare mu a hanya. Direban, Bahaushen Sudan, ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri Hajiya, takarda suke nema, ba tsofaffi ba."

Na sauka a ɗakin Sani a unguwar Darrasa. Ya kawo wake da gurasa, na ci kaɗan, kuka ya hana ni sauran.

Da safe na faɗa masa saƙon. Ya ɗauko wata ƙwallo mai zanen duniya, ya ɗora yatsa a samanta.

"Inna, nan ma ƙuɗubi ake ce masa da Larabci. Ƙarshen duniya ne, ƙanƙara zalla. Tana narkewa, ana sa ran man fetur da gas a ƙarƙashi, ƙasashen da ke kewaye kowace tana cewa iyakarta ta kai can. Dokar rabon nake karantawa."

"Rikicin iyakar gona ka zo koya?"

"Kusan haka, Inna."

"Babu waliyyi?"

"Ko bishiya babu."

"To wa zai roƙa wa ubanka gafara?"

Ya kifa kai yana kuka, na taya shi. Da muka gaji na ce ya tashi ya yi alwala. Muka taka zuwa tsohon masallacin unguwar, ya ɗaga hannu ya ambaci sunan ubansa, ina bayansa ina amin har azahar.

Gida

Na iso Gumel lafiya, na gode wa Allah, na gode wa direban tasin nan da Hauwa. Yayan Malam ya zo sannu da zuwa, ya ce, "Kin ga ƙuɗubin?"

Na ce, "Babu kowa a can, Yaya. Ɗansa ne ya roƙa masa."

Ya ce, "Allah ya karɓa."