Nevena Tosheva, Matar da Ta Hana Kwamfuta Yin Ƙarya

Haihuwa da Karatu

An haifi Nevena Radkova Tosheva a garin Gabrovo na ƙasar Bulgariya a shekarar 1961. Mahaifinta Radko Toshev mai gyaran injinan saƙa ne, mahaifiyarta Stoyanka kuma ma'aikaciyar kantin magani. Daga mahaifinta ta gaji ƙin amincewa da kowane inji har sai ta ga yadda yake lalacewa, daga garinsu kuma ta gaji tsimin da ya sa ba a jefar da komai.

Ta kammala karatun injiniyan lantarki a Sofiya a shekarar 1984, aka tura ta sashen gwaji na wata masana'antar faifan ajiyar kwamfuta. Da masana'antar ta durƙushe a 1992, ma'aikata suka kwashi kujeru da labule, ita kuwa ta ɗauko kwalaye cike da faifai masu ciwo waɗanda ba wanda ya yi mata gardama a kansu.

Aure da Iyali

A shekarar 1987 ta auri Lyuben Garbov, masanin kiɗa wanda ya shafe shekaru yana naɗar waƙoƙin tsofaffin mata a ƙauyukan duwatsun Rodopi. Sun haifi 'ya'ya uku.

A 1999 Lyuben ya kwafe waƙoƙin daga kaset zuwa kwamfuta, kwamfutar ta shaida masa cewa ta ajiye. Bisa shawarar Nevena, wadda ba ta ga dalilin sayen sabon kaset alhali tsofaffin kaset ɗin na nan ba, ya naɗi wasu abubuwa a kansu, waƙoƙin suka goge. Bayan watanni aka gano faifan kwamfutar ya gaza rubuta kusan rabin waƙoƙin. Tushen manhaja, wato ɓangaren da ke tsakanin faifai da sauran ayyukan kwamfuta, ya ga kuskuren, ya share shi, ya ba da rahoton lafiya. Yawancin mawaƙan sun riga sun rasu.

An ruwaito cewa Lyuben bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, da sunan da yake kiranta a gida, "Nevenche, ke ce injiniya. Ni dai na tambayi injin, ya ce ya ajiye."

Ta ce, "Ƙarya ya yi maka, ni kuma na taya shi. Zan hana shi."

Gwagwarmayar Gyara

A shekarar 2000 ta aika wa masu kula da tushen manhajar gyaran da ta rubuta. Manufarsa ita ce idan faifai ya gaza, a riƙe labarin gazawar har sai ya isa ga mai aikin, a kuma daina rubutu a faifan nan take. Aka mayar mata da shi cikin ladabi, da hujjar cewa yana rage sauri, kuma irin wannan gazawa ba ta cika faruwa ba. Ta amsa cewa mutuwa ma sau ɗaya take faruwa ga kowa.

Daga nan ɗakin girkinta ya koma ɗakin gwaji. Takan jona ɗaya daga faifan nan masu ciwo, ta bari kwamfuta ta yi nisa da rubutu, sannan ta fizge waya ta zauna tana kallon abin da manhajar za ta ce. Duk faifan da ya mutu takan buga masa takardar sanarwar rasuwa irin wadda ake mannawa a ƙofofi da bishiyoyi a ƙasarsu, da sunansa da shekarunsa da sanadin ajalinsa, ta liƙa a bango kusa da murhu. Lyuben yakan gaya wa baƙi cewa yana cin abincinsa ne a maƙabarta.

Ta sake rubuta gyaran fiye da sau talatin, kowane karo yana ƙara gajarta da sauri. Babban mai adawa da shi, Vojtech Hrubec na birnin Brno, ɗaya daga masu kula da tushen manhajar, yana kiranta Gwaggon Jana'iza a wasiƙunsa. A wani taro a Prague a 2011, yana tsaye yana nuna saurin sabon tsarinsa, ta taso daga layin gaba, ta nemi izini, ta fizge wayar faifansa. Allo ya ci gaba da nuna wa mahalarta cewa an ajiye komai, alhali faifan yana hannunta.

Ta ce, "Ci gaba, yaro, sauri yake yi ƙwarai."

Hrubec bai yi mata magana ba har shekara guda, amma shi da kansa ya sa hannu aka karɓi gyaran a 2013, bayan ya sauya sunayen wasu abubuwa biyu a ciki domin kare mutuncinsa.

Ƙarshen Rayuwa

Ta yi ritaya a 2019 ta koma Gabrovo. Tun kafin nan ciwon zuciya ya kama ta, amma duk sanda likita ya tambaya sai ta ce lafiya lau. Lyuben ya sha gaya mata cewa da ita faifai ce, da tuni ta fizge wa kanta waya. Takan ce ita ba wanda ya ajiye waƙa a cikinta.

Ta rasu a watan Maris na 2022, tana da shekara sittin. An yi mata addu'a a cocin unguwarsu, aka binne ta kusa da mahaifinta, aka raba dafaffiyar alkama ga mahalarta bisa al'adarsu. Hrubec ya zo daga Brno, ya ci tasa a tsaye.

Ta bar mijinta Lyuben, da 'ya'ya uku: Boyana, likitar haƙori a Plovdiv, Kalin, direban jirgin ƙasa, da Yasen, malamin lissafi, tare da jikoki huɗu. Ta kuma bar layukan umarnin kwamfuta kimanin arba'in da ke aiki a injinan mutanen da ba su taɓa jin sunanta ba. Waƙoƙin ba su dawo ba. Takardar sanarwar rasuwarta an manna ta a ƙofar gida da bishiyar bakin titi kamar yadda aka saba, sai dai Lyuben ya riƙe guda, ya liƙa ta a bangon ɗakin girki kusa da murhu, cikin na faifan da suka mutu.