Ranar da Muka Ɓoye Hajiya a Lyon

Har yau ban manta da ranar da aka sa ni na ɗauki Hajiya Kubura na kai ta Lyon don a ɓoye ta ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayana kuna yawan tambayata me ya sa ba na barin baƙuwa ta zarce kwana uku a gidan ɗalibai, ko da uwata ce. To ga dalilin.

Ni ce mai kula da gidan 'yan mata na ƙungiyarmu a Sevran, a gefen Paris. Ƙungiyar ta mata ce 'yan Nijar da suka yi karatu a nan suka samu aiki, suka ga ya dace su kama haya su zuba ƙannensu masu zuwa karatu. Gida biyu ne, ɗaya a Sevran, ɗaya a Lyon. Ni ban yi lakkwal, wato boko, ina yarinya ba. A ajin yaƙi da jahilci na Damagaram na koyi karatu ina da 'ya'ya uku, Faransanci kuma a nan na tsince shi. Aikina in ga an rufe ƙofa, an kashe gas, an fitar da shara, in kuma saurari kukan wadda ta faɗi jarrabawa. Yaran suna kirana Tanti.

Ga wanda bai san ƙasar nan ba, ba a zama gidan haya babu asurans. Kuna biyan kamfani duk shekara, in gobara ta tashi ko ruwa ya ɓalle ya ɓata gidan maƙwabci, su ne za su ɗauki asarar. Kowace shekara kuma mai gida yana jiran takardar shaida. In babu ita, ya karɓi makullinsa. Gidajenmu biyu a yarjejeniya ɗaya suke, in ɗaya ya faɗi ya ja ɗayan. Yaranmu kuwa adireshin gidan ne a kan takardar zamansu. In aka rufe, ba wurin kwana kaɗai suka rasa ba.

A shekarar da nake ba ku labari, wata waya ta ɗan ƙone a kicin na Lyon. Ba wani abu ba ne, amma kamfanin ya rubuto cewa kafin ya sabunta mana, zai turo mutuminsa, wanda suke kira eksper, ya duba gidajen biyu: Sevran ranar wata Talata a watan Mayu, Lyon kuma Talata mai bi mata. Watan jarrabawa ke nan.

Shugabar ƙungiya a lokacin Madam Zuwaira ce. Ta yi babban digiri a kan kiyaye haɗari, tana aiki a wani banki, ba ta magana sai da yatsa ɗaya a sama. Ta tara mu a falo, ta nuna mana wani zane mai gida-gida, ja da rawaya da kore, kowane haɗari da launinsa. Ta manna dokoki a bango har cikin bayi. An hana kyandir ko da na kek ne. An ƙwace ƙarfen gyaran gashi na wata yarinya, aka yi mata faɗa har ta yi hawaye. Babu haɗarin da Madam ba ta ba shi launi ba, sai guda ɗaya, wanda yake zaune a ƙarshen kujera yana ɓare gyaɗa yana gyaɗa mata kai.

Hajiya Kubura gwaggon Madam ce, ƙanwar mahaifinta, ita ta raine ta ta kuma biya mata karatu. 'Yar kasuwa ce daga Maraɗi. Ta zo sarin kaya a kasuwar Barbès ta Paris, wai mako ɗaya. Madam ta ce gidanta ya yi ƙanƙanta, ita da mijinta su biyu a ɗaki uku, don haka a ba Gwaggo ɗakin ƙasa na gidanmu kafin ta koma. Wannan tun kafin azumi. Muka yi azumi, muka yi Sallah, Hajiya tana nan.

Ba muguwar mace ba ce. Tana yi wa yaran dambu da kwaɗon zogale, tana koya musu yadda ake gane marowacin saurayi tun daga takalminsa. Amma abu biyu ne. Na farko, kayanta: manyan jakunkunan nan masu zane-zane, ta jera su har rufi a hanyar ƙofar baya, wadda aka ajiye don gudun gobara, mai hoton koren mutum yana gudu. A gidanmu da koren mutumin nan ya gwada gudu, da a kan leshi zai faɗi. Na biyu, turaren wuta. Hajiya ba ta yarda da kaskon lantarki ba, ta ce yana kashe ƙamshi. Sai gawayi. Na'urar nan ta rufi mai jin hayaƙi kuwa da ta shaƙa sai ta kama ihu. Hajiya ta raɗa mata suna Mai Kuka, ta sa aka hau kujera aka rufe mata baki da safa.

Kullum da safe in cire safar, kafin la'asar ta koma. Na faɗa wa Madam ba sau ɗaya ba. Ta ce ni ce babba, na san yadda zan lallaɓa ta. Na ce ai gwaggonta ce. Ta ce shi ya sa ba za ta iya ba. Yaran kuma ba su isa ba. Haka muka yi ta miƙa wa juna maganar kamar tukunya mai zafi, kowa yana gaishe da Hajiya har ƙasa.

Da ranar ta matso, Madam ta kira ni gefe. Ta ce a karatunsu haɗari ko a kawar da shi, ko a rage shi, ko a matsar da shi wani wuri. Ita ta zaɓi na ukun. Za a kai Gwaggo Lyon da sunan buɗe ido, eksper ya duba Sevran, a dawo da ita kafin ya isa Lyon. Aka yi hayar mota don jakunkuna, domin Hajiya ta ce ba ta kwana gari ɗaya kayanta su kwana wani. Ni da ita muka bi jirgin ƙasa. Tun daga tasha take sa wa Zuwaira albarka, wai yarinyar nan ba ta manta alheri. Ni dai taga nake kallo ina cewa amin.

Sevran ta ci jarrabawarta. Madam ta turo saƙo a wayar kowa da hoton tafi.

Sai ranar komawa ta zo, Hajiya ta ce ba ta san zancen ba. Ta gano matanmu a unguwar Guillotière, sun wawushe mata leshi da turare, wasu sun ce ta jira su ƙarshen wata. Ta ce iskar Lyon ma ta fi karɓar gwiwarta. Na sanar da Madam, Madam ta kira ta. Ina zaune na ji komai. Sun gaisa, an tambayi gwiwa, an tambayi mutanen Maraɗi ɗaya bayan ɗaya har da wanda ya rasu. Can Madam ta ce a hankali, "Gwaggo, ba kya kewar Paris?"

"Ko kaɗan," in ji Hajiya.

Madam ta ce to madalla. Aka kashe waya. Babban digiri ke nan ya ƙare a kan kalma biyu.

Dabara ta gaba ita ce ranar Talata in fita da ita ganin kogi. Amma Hajiya ta tsinci maganar a bakin yara cewa babban baƙo zai zo. Ta ce a ina aka taɓa yin haka, namiji ya shigo gidan 'yan mata, dattijuwar gida tana yawon kogi? Ta ci ado da shadda, ta ɗaura kallabi. Na samu na cire safa daga rufi tun da safe. Jakunkuna kuwa sun riga sun mamaye hanyar fita ta wannan gidan ma, babu inda za mu kai su.

Eksper ya zo da hantsi. Wani siririn Bature ne dogo, mai furfura, yana riƙe da allon nan na waya. Da ya ga takalma a bakin ƙofa sai ya cire nasa. Hajiya ta dube ni ta ce wannan ya samu tarbiyya. Hadiza, ɗalibar likitanci da ke riƙe da gidan Lyon, ita ke zagayawa da shi. Ya duba gas, ya duba wayar da aka gyara, ya gamsu. Da ya iso kan jakunkuna ya tsaya ya tambayi mai su. Kafin Hadiza ta haɗa ƙarya, Hajiya ta amsa da Faransancinta na kasuwa cewa nata ne, in matarsa tana son leshi akwai mai kyau.

Ashe ta riga ta hura gawayi a falo don girmama baƙo. Muna tsaye hayaƙi ya kai rufi, Mai Kuka ta fara. Hajiya ba ta ko girgiza ba. Ta buɗe jakarta ta hannu, ta zaro safa, ta miƙa wa mutumin asurans.

"Mushe, kai ne dogo," ta ce, don haka mutanenmu ke faɗin Monsieur, ta nuna masa rufi.

Ya karɓa. Ya daɗe yana kallon safar nan. Hadiza ta jingina da bango. Sai ya danna na'urar ta yi shiru, ya tambayi Hajiya cikin ladabi ko ta saba yin haka. Ta ce a nan dai mako ɗaya ne kawai, amma a Sevran tun kafin azumi take yi, kuma ko sau ɗaya abin bai sake damun kowa ba. Da alfahari ta faɗa, kamar mai ba da maganin tari.

Na zaci zai tattara ya tafi. Sai ya nemi kujera ya zauna gabanta, ya yi abin da mu duka muka kasa tun kafin azumi. Ya faɗa mata. Ya ce in wuta ta tashi yara suna barci, da safa a rufi ba mai tashe su, in sun tashi kuma ƙofar tana bayan jakunkunanta. Ya ce abin da ya gani ya isa kamfani ya janye daga gidajen biyu, masu gida su karɓi makulli, yaran nan su fita titi da littattafansu a watan jarrabawa. Bai ɗaga murya ba, bai kuma kewaya ba.

Hajiya ta juyo gare ni. "Habsu, gaskiya yake faɗa?"

Na ce gaskiya ne, Hajiya.

"Tun yaushe kuka sani?"

Na ce tun ranar da kika sauka.

Ta dubi jakunkunanta, ta dubi Hadiza. "Shi ne aka kawo ni buɗe ido," ta ce.

Da kanta ta tashi, da gwiwar tata, ta kai kaskon kicin ta kwara masa ruwa. Ta dawo ta ce in kira mata Zuwaira, in buɗe murya kowa ya ji. Wannan karon babu gaisuwa.

"Zuwaira, ashe kin gwammace 'ya'yan mutane su ƙone da ki buɗe baki ki yi min magana? Kina yawo da ni gari-gari kamar kayan sata. To na bar musu gidansu. Ki share min ɗaki, gidanki zan sauka."

Muka ji numfashin Madam a waya. Sannan ta ce, "To, Gwaggo."

Eksper bai ji Hausa ba, amma ya fahimci an yanke hukunci. Ya ba mu mako biyu mu gyara, ya ce zai sake zagaya gidajen biyu ba tare da sanarwa ba. Hajiya ta cusa masa ƙullin kilishi, ya ce aikinsa ya hana shi karɓa, ta ce ai ba shi ta ba ba, matarsa ta ba. Ya ajiye shi a kan tebur ya sa takalminsa.

An sabunta mana asurans, yara suka yi jarrabawarsu a ɗakunansu. Sai dai kamfani ya ƙara farashi, kwamiti kuma ya ɗora ƙarin a kan hayar yaran, su da aka ƙwace wa ƙarfen gashi. A taron shekara Madam ta karanta rahoto, ta ce an samu ɗan sakaci daga mazauna gida, amma tsarin da shugabanci ya shimfiɗa ya ceto lamarin. Aka yi mata tafi. Ni ma na tafa. Da aka tashi na matsa na tambaye ta ya gwiwar Hajiya. Ta ce da sauƙi. Kwat ɗinta ta banki tana tashin turaren wuta.

Da babbar Sallah na je gaishe da Hajiya a gidan Madam. Jakunkuna sun cika hanya har ƙofar bayi, maigidan yana bi ta gefe kamar mai tsallake kwata. Na ɗaga kai na dubi rufi. Safar da ke bakin Mai Kukan gidan ta maza ce, baƙa, mai tsada. Hajiya ta ga inda nake kallo, ta ce a nan ai babu 'ya'yan mutane, kuma mai gidan ta yi karatun abin, in da matsala za ta faɗa. Kafin in tafi na hau kujera na cire. Madam tana tsaye da faranti a hannu tana kallona.

Abin da na koya ke nan, ku da za ku riƙe gidajen nan. Waya da gas ba su da wuya, ana kiran mai gyara. Haɗarin da yake cin gida irin namu shi ne mutumin da kowa ke jin nauyinsa. Kamfanin asurans ba ya sayar da maganin wannan, ba a kuma koyar da shi a jami'a. Mu da muke taƙama da kunya, sai da baƙon da ba ya jin yarenmu ya cire takalmi ya zauna ya girmama tsohuwar nan da gaskiya. Shi ya sa duk wadda ta sauka a gidana, in ta ci ta sha ta huta, nakan zauna kusa da ita in faɗa mata ranar tafiyarta tun ba ta kwance jaka ba, in kuma nuna mata Mai Kuka in ce wannan 'yar gida ce, ba a rufe mata baki.